Jika Biyu-Biyun Da Na Karɓa Hannun Iyayen Yara

Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta a nan Yamai. Saboda an ga ina ɗan taɓa kwamfuta, sai aka ɗora mini kula da ɗakin na'urori, ba wanda ya tambaye ni ko na karanci aikin. Malamai 'yan uwana sun san yadda abin yake a makarantunmu: duk wanda ya iya haɗa waya da majigi, shi ne injiniya. Ni ma ban ƙi ba, don sunan ya yi mini daɗi.

Ɗakin yana da kwamfuta 32 na ɗalibai, sai wata tsohuwa guda a lungu, ƙarƙashin teburina, wadda muka saya ta hannu. Ita ce mai tsaron ƙofa. Wayar intanet da ke shigowa daga waje a jikinta take tsayawa, ita kuma ta rarraba wa sauran. Manhajar Linux ce a cikinta, ni na saka da hannuna ina bin bayanin da na karanta, kuma shekara biyu tana aiki ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Bara, da zafi ya kama, 'yan ajin jarrabawar BEPC suka rasa malamin kimiyya. Aka samu wani malami da ke Damagaram ya yarda ya riƙa ba su darasi ta bidiyo sau biyu a mako, har jarrabawa. Tsarin shi ne fuskarsa da allonsa su fito a bango ta majigi, yara kuma kowa ya sauke takardun gwaji da gajerun bidiyo a kwamfutarsa. Idan shi kaɗai ne a kan layi, murya ras. Da zarar yara sun kunna nasu, sai maganarsa ta fara tsinkewa, hoto ya daskare bakinsa a buɗe, yara su fashe da dariya. Darasin awa ɗaya sai mu ci rabinsa muna "Malam, maimaita, ba mu ji ba." Jarrabawa kuwa saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Ban yi dogon tunani ba na yanke hukunci: layinmu ne ya yi ƙanƙanta. Kuma ina da dalilin zargin waje. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta wayoyin ƙasashen maƙwabta yake biyowa daga manyan wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Ba mu manta da ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kodebuwa, ƙasashe da yawa na yammacin Afirka suka wuni cikin wahalar rezo, har da mu. Mutumin Yamai ya saba, in abu ya tsaya sai ya ce rezo ne, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce.

Sannan akwai misalin da ke gaban idon kowa. Daga 1970 har 2011 gadar Kennedy ce kaɗai ke haɗa gaɓa biyu na kogin Isa a birnin nan. Wanda ya yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni kamar ni, ya san cunkoson safiya a kanta, motoci da babura da raƙuma da masu tafiya a ƙasa. Ba a samu sauƙi ba sai da aka buɗe gada ta biyu a 2011, ta uku kuma a 2021. Da wannan misalin na tsaya gaban taron iyaye. Na ce musu layinmu megabit 50 ne, gada ce ƙarama, a ninka shi zuwa 100 yara su ji darasi. Lissafi ya nuna kowane yaro zai kawo jika 2. Wasu suka yi gunaguni, shugaban iyayen yara ya ce, "Mushe ya fi mu sanin wannan fanni, mu ba shi goyon baya." Aka watse a kan haka.

Cikin mako guda fiye da rabi suka biya. Akwai wata baiwar Allah da ke sayar da dambun zogale a bakin hanya, 'ya'yanta uku a makarantar. Ta zo da kanta bayan azahar, ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga mini jika 6, yawanci ƙananan kuɗi. Ta ce, "Mushe, ni ban san abin da ake cewa intanet ba, amma tunda kai ka ce zai taimaki yaran, ga shi." Na rubuta mata takardar shaida ina jin kaina wani mai ceto.

Kwana biyu kafin mu je mu sa hannu a sabuwar yarjejeniya, wani tsohon ɗalibina ya biyo gaishe ni. Ya gama karatun kwamfuta, yana aikin kula da na'urori a wani ofis a cikin gari. Ya tarar da mu tsakiyar darasin, ya ga yadda murya ke yankewa. Na ba shi labarin gada cikin alfahari. Ya yi shiru, sannan cikin ladabi ya ce, "Mushe, ko za ka bar ni in leƙa injin nan na ƙarƙashin tebur?" Na ce ya leƙa, amma na riga na duba, aikin da take yi bai wuce kashi 25 cikin 100 na ƙarfinta ba.

Ya zauna, ya buga wasu 'yan kalmomi, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Maimakon lamba ɗaya da na saba gani, sai ga layi huɗu. Na farko ya cika maƙil, yana kan 100. Sauran ukun kusan babu komai. Ya dube ni bai ce uffan ba, don ya san abin da nake koyarwa. A tara 100 da sifili uku, a raba gida huɗu, 25 ke nan. Ni da nake gargaɗin yara kowace shekara cewa matsakaicin lissafi yana ɓoye gaskiya, shi ne ya rufe mini ido wata guda cur.

Ga abin da ya bayyana mini, ni ma na bi na karanta daga baya har ya zauna mini. Ƙwaƙwalwar kwamfutar zamani ba ma'aikaci ɗaya ba ce. Wajen 2005 kamfanonin Intel da AMD suka fara sayar da ƙwaƙwalwa mai ma'aikata biyu a ciki ga jama'a, saboda ƙara wa guda ɗaya sauri ya kai inda zafi da cin wuta suka yi yawa. Masu gyara a nan Yamai suna kiran kowane ma'aikaci zuciya, kamar yadda ake faɗa da Faransanci. Tamu mai zuciya huɗu ce.

Shi kuma abin da ke tafiya a intanet, ko murya ce ko hoto ko takarda, ba a dunƙule yake zuwa ba. Ana yanyanka shi ƙulli-ƙulli, kamar yadda mai tebur ke ƙulla sukari, kowane ƙulli da adireshin inda ya fito da inda za shi. Babban ƙulli bai cika wuce bayit 1,500 ba. Idan layin megabit 50 ya cika, ƙulli sama da 4,000 ke nan ke isowa a kowace daƙiƙa. Katin da wayar ke shiga jikinsa yana da ɗan zaure da yake ajiye su, mai ɗaukar 'yan ɗaruruwa kawai. Da ƙulli ya iso sai katin ya ƙwanƙwasa wa ƙwaƙwalwa ƙofa, a zo a ɗauka. Katinmu mai araha ne, zaure ɗaya gare shi, ƙofa ɗaya yake ƙwanƙwasawa, ta zuciya ta farko. Duk aikin duba ƙulli da tura shi gaba a kanta yake sauka. In ta makara zauren ya cika, wanda ya iso bayan nan zubar da shi ake yi, ba sanarwa. Yaron ya nuna mini wata lamba da ke ƙirga waɗanda aka zubar, muna kallo tana hawa.

Daga nan na gane dalilin da ya sa muryar malamin ce ta fi shan wahala. Idan takarda ake saukewa kuma ƙulli ya ɓace, mai aikowa yakan sake turo shi, sannan ya rage sauri, don yana ɗaukar ɓatan a matsayin alamar cunkoso. Wannan dabara ta samo asali ne daga aikin Van Jacobson na 1988, bayan cunkoson da ya durƙusar da intanet ta farko a Amurka a 1986. Don haka takardun yara suna isowa, sai dai a makare. Murya ta kai tsaye kuwa ba ta jiran a sake aikowa. Kalmar da ta faɗi ta faɗi ke nan. Yaro ya ji farkon bayani, ya ji ƙarshe, tsakiyar ta zube a ƙarƙashin teburina.

Na ce masa, to amma ƙulli 4,000 har ya isa ya gajiyar da zuciya guda? Ya ce a'a, ba don wani abu ba. Ya buɗo wani jeri, ya yi ta gangarawa ba ya ƙarewa. Na gane shi nan take. Watanni kafin nan wasu iyaye sun kawo kuka cewa yara na iya faɗawa shafukan banza, sai na samo jerin adireshin da ya kamata a toshe, kusan 20,000, na zuba su a injin ɗaya bayan ɗaya. Yadda na tsara abin, kowane ƙulli sai an gwada shi da jerin tun daga sama har ƙasa kafin a bar shi ya wuce. A ninka 4,000 da 20,000, gwaji miliyan 80 ke nan a daƙiƙa, a kan zuciya ɗaya ta tsohuwar na'ura. Da kyakkyawar niyya na yi, amma ni na ɗora mata kayan. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na kamfani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce, "Mushe, da kun ninka layin, ba abin da zai canza. Mai tsaron ƙofa ɗaya ne, kun ƙara masa baƙi kawai." Wato da kuɗin dambun baiwar Allah nan sun tafi, murya kuma ta ci gaba da tsinkewa.

Maganin da ya yi bai kai minti biyar ba. Ya ce manyan katuna masu tsada suna da zaure da yawa, su da kansu suke raba baƙi tsakanin zukata. Wannan tsari ana kiransa RSS, kamfanin Microsoft ne ya fito da shi. Ga masu kati irin namu kuwa, wani injiniyan Google mai suna Tom Herbert ya rubuta wa Linux hanyar yin rabon ta manhaja, ana kiranta RPS, ta shiga cikin fitowa ta 2.6.35 a shekarar 2010. Ma'ana, maganin ya fi shekara goma da fitowa, yana kwance a cikin injinmu, a kashe, yana jiran wanda zai kunna. Zuciya ta farko za ta ci gaba da amsa ƙofa, amma maimakon ta yi dukan aikin, sai ta miƙa wa 'yan uwanta.

Akwai wani ɗan fayil mai suna rps_cpus, a ciki ya rubuta harafi guda, e. Na tambaye shi ma'anarsa, ya yi murmushi ya ce ai darasina ne. A ƙirgen tushe 16, e ita ce 14. A tushe 2 kuma 14 ita ce 1110. A karanta daga dama: zuciya ta farko sifili, a bar ta da ƙofa, sauran ukun ɗaya-ɗaya, su karɓi aiki. Na sha koyar da canjin tushe yara na tambayata amfaninsa a duniya, ina kame-kame. Ran nan ɗalibina ya ba ni amsar.

Wani abu a cikin rabon ya burge ni. Ba a watsa ƙullin haka kawai, wannan nan wancan can. Da an yi haka, na baya zai iya riga na gaba isa, magana ta birkice. Ana ɗaukar adireshin mai aikowa da na mai karɓa da lambobin ƙofofinsu biyu, a haɗa a fitar da lamba guda, ita ke nuna zuciyar da za ta karɓa. Saboda haka duk ƙullin hira ɗaya wuri ɗaya suke zuwa, a jere. Muryar malamin Damagaram tana hannun zuciya guda daga farko har ƙarshe, takardun yara kuma sun rarrabu. Wannan kuma shi ne iyakar dabarar: hira ɗaya mai nauyi ba ta rabuwa, sai in hirarrakin suna da yawa rabon ke da amfani. Mu kuwa yara 32 ne, kowa da tasa.

Layi huɗun nan suka daidaita a gaban idona, lambar zubarwa ta tsaya cak. Malamin ya yi bayani minti 20 ba tsinkewa, har ya tambaya ko mun canza kamfani.

Washegari da rana kuran ya ɗauke, ya dawo, injin ya sake tashi, matsala ta dawo sabuwa fil. Na kira yaron a ruɗe. Ya ba ni haƙuri, ya ce mantuwarsa ce: abin da aka rubuta a fayil ɗin nan ba ya tsira in na'ura ta mutu, sai an sa shi cikin umarnin da take bi duk lokacin da ta tashi. A garin da wuta ke iya ɗaukewa sau da yawa a rana ɗaya lokacin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya zo da yamma ya gyara. Sannan ya ce rabon aiki bai rage aikin ba, raba shi kawai ya yi, gara a sauke kayan da ba dole ba. Ya mayar da jerin nan nawa cikin wani tsari da ake duba adireshi sau ɗaya a san ko yana ciki, ya kuma sa hirar da aka riga aka tantance ta riƙa wucewa ba sai an sake bincike ba. Shafukan banza suna nan a toshe, injin kuma ya koma kamar ba ya komai.

Saura kuɗi. Suna cikin akwatin makaranta, da sunan kowa a littafi. Ba zan ɓoye muku ba, na kwana biyu ina saƙa da warwara. Darasi ya gyaru, iyaye za su ɗauka kuɗinsu ne ya yi aiki, za a yaba mini, kuɗin kuma a yi wata hidimar makaranta da su. Ba wanda zai sani sai ni da yaron, shi kuwa ba zai tona malaminsa ba. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar matar nan: tunda kai ka ce. Ba intanet ta ba kuɗinta ba, maganata ta ba.

Na gaya wa darakta, muka sake kiran taro. Tsayuwar nan ta fi mini kowace jarrabawa wuya. Na ce musu na yi kuskure, gadar ba ta da laifi, a ƙofar gidanmu cunkoson yake, kuma ni na haddasa rabinsa. Na ce ga kuɗinsu. Wani uba ya miƙe ransa a ɓace, ya ce da yaron nan bai biyo ba fa? Na ce da kuɗinku sun tafi a banza. Ban da wata amsa. Wuri ya yi tsit. Can shugaban iyaye ya ce duk mai son nasa ya karɓa, wanda ya bari kuma a sayi batirin da zai riƙe injin idan wuta ta ɗauke, amma a kawo takardar sayen kowa ya gani. Wasu suka karɓa, wasu suka bari. Mai dambu ta karɓi jika 4, ta bar 2. Da za ta fita ta ce, "Mushe, gobe in ka sake cewa a kawo, zan kawo." Ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Na rubuta wannan ne saboda makarantu da yawa a Yamai da Maradi da Damagaram, har da na 'yan uwanmu a Kano da Katsina, suna shigo da kwamfuta da intanet, kuma yawanci malami irina ake danƙa wa. Kamfanoni sun yawaita, ga Niger Telecom, ga Airtel, ga Moov Africa, ga Zamani Telecom, kowa da tayinsa, kuma abu mafi sauƙi in an samu matsala shi ne a ce a ƙara kuɗi a sayi babba. Wani lokaci hakan ne daidai, layin ne da gaske ya yi kaɗan. Amma kafin a kai ga aljihun iyaye, a yi gwaji mai sauƙi. A haɗa kwamfuta ɗaya kai tsaye da wayar kamfani a auna, sannan a auna ta bayan injin makaranta lokacin da yara ke aiki. In na farko lafiya na biyu ne ke ciwo, matsalar a gida take. A duba aikin kowace zuciya daban, kada a tsaya ga jimla. A duba ko katin yana zubar da ƙulli. Wanda bai iya ba ya nemo wanda ya iya, ko da yaron da ya koyar ne jiya.

Ku kuma iyaye, haƙƙinku ne ku yi tambaya. In an ce ku kawo kuɗi don na'ura, ku ce me aka auna, wa ya auna, me zai nuna cewa kuɗin sun yi aiki. Ba rashin kunya ba ne. Da a taron farko mutum ɗaya ya yi mini wannan tambaya, da na koma na duba.

Akwai kuma abin da ya bi ni har cikin aji. A ƙarshen zangon nan na fitar da matsakaicin makin ajina, ya kama 11 bisa 20, abin da a da zan rubuta "ba laifi" in wuce. Wannan karon na jera makin ɗaya-ɗaya. Sai na ga yara shida ne ke ɗauke da ajin, su ke amsa kowace tambaya, su nake kallo in ina bayani, su nake aikawa allo. A baya can akwai wasu tara da ban ji muryarsu ba tun Oktoba. Na raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da aikinsa har ƙarshen zango, na daina karɓar amsa daga hannun da ya fara tashi. Ban ce na gano maganin komai ba, yara ba na'ura ba ne. Amma ɗaya daga cikin taran nan, wata yarinya mai yawan makara, da na zauna da ita na gano ita ce babbar 'ya mace a gidansu, ita ke ɗebo ruwa, ta yi shara, ta shirya ƙanne huɗu kafin ta fito, alhali akwai yayye maza biyu da ba sa ɗaga ko tsinke. Na je na gaida mahaifinta, muka yi magana ta fahimta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi da kansa ya faɗa kafin in faɗa. Yanzu takan iso kafin a buga ƙararrawa, ba kullum ba, amma sau da yawa.

Injin yana nan ƙarƙashin teburina, da batirinsa a gefe. Takardar sayen batirin na manna ta a bangon ɗakin, inda duk uban da ya shigo zai gani. Tsohon ɗalibina kuma na roƙe shi yana zuwa ranar Asabar ɗaya a wata, yana koya wa 'yan manyan aji yadda ake duba irin waɗannan abubuwa. Ni ma a benci nake zama tare da su, da littafina.